TARIHIN ƘWALLON DA KE CIKIN LU'ULU'U

Gabatarwa

Lu'ulu'un da za mu yi magana a kansa a nan shi ne na ruwa, watau wanda ake samu a cikin kawa. Wanda ya ga sheƙinsa a wuyan mace ba zai taɓa zaton akwai ƙwallo a cikinsa kamar na dabino ba. To, amma yawancin lu'ulu'un teku da ke kasuwa yau kiwatawa aka yi. Akan buɗe kawa da ranta, a saka mata ɗan dunƙule tare da ɗan yankin tsokar wata kawar, ita kuwa ta yi ta lulluɓe shi da sinadarin ɓawonta har ya zama abin ado. Tarihin wannan ƙwallo shi ne abin da za mu ɗan bi.

Gwaje-gwajen farko

Tun wajen ƙarni na 13 mutanen ƙasar Sin suke cusa 'yan gumakan Buddha na dalma a cikin kawar kogi, su fito da su a lulluɓe. A shekarar 1761 masanin nan na Suwidin, Linnaeus, ya gwada ƙwallon farar ƙasa da ya maƙala a wayar azurfa. Amma sana'ar ba ta kankama ba sai a Japan, inda Kokichi Mikimoto ya sami lu'ulu'u mai siffar rabin ƙwallo a 1893. A 1907 Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa suka fito da dabarar samun cikakken mai kewaye. A waɗannan shekaru an gwada dalma, an gwada azurfa, har da zinariya, amma duk ba su gamsar ba.

Dalili kuwa shi ne, ƙwallon kirki sai ya cika sharuɗɗa. Dole nauyinsa ya yi daidai da na lu'ulu'un asali. Dole ya kasance fari, don kada duhunsa ya bayyana ta waje. Dole ya yarda a huda shi ba tare da ya tsage ko ya karya allurar huji ba, tun da sai an huda ake zarga zare. Sa'an nan in zafi ya taɓa shi, dole ya buɗa daidai da rufin da ke kansa, in ba haka ba rufin ya fashe. Abin da ya cika waɗannan duka shi ne ɓawon kawa ɗan'uwansa.

Ɓawon Amurka

Ɓawo mai kaurin da za a sassaƙa ƙwallo da shi a kogunan Amurka aka fi samunsa, watau Misisifi da rassansa irin su Ohayo da Tenesi. Da ma tun 1891 wani Bajamushe, John Boepple, ya kafa masana'antar maɓallan riga da wannan ɓawo a garin Muscatine na jihar Ayowa. Bayan yaƙin duniya na biyu maɓallin roba ya kashe wannan kasuwa. Faɗuwar wani tashin wani, sai ga Japanawa suna neman ɓawon ruwa a jallo. Haka masu nutso a Tenesi suka koma ciyar da gonakin lu'ulu'u na Japan, daga baya har da na Ostareliya da Tahiti.

Sai dai kawar kogi takan yi shekaru masu yawa kafin ɓawonta ya yi kauri, ɗiba kuwa ta fi haihuwa. Ga madatsun ruwa, ga dattin masana'antu, ga kuma wata baƙuwar ƙaramar kawa mai zane kamar jakin dawa, wadda jiragen ruwa suka kawo daga Turai, aka fara ganinta a 1988. Ita takan manne wa 'yan gida har ta shaƙe su. Daga cikin ire-iren kawar kogi kusan 300 na Amurka ta Arewa, galibinsu yanzu suna cikin haɗari. Babban ɓawo ya yi wuya, ya yi tsada.

Neman madadi

Wasu suka juya ga ɓawon ƙatuwar kawar teku da ake kira Tridacna. Fari ne fat, ga kauri, amma taurinsa na karya allura, kuma dabbar na cikin waɗanda yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Lardin Hainan na Sin ya haramta sayar da shi daga farkon 2017. Wasu suka riƙa manna siraran ɓawo da gam su sassaƙa, amma akan sami mannin ya rabu. A Ostareliya kamfanin Biron ya sarrafa dutsen dolomait ya fito da ƙwallo mai suna Bironite. Wani maƙerin ado a Amurka, Chi Huynh, ya saka duwatsu masu launi, in lu'ulu'u ya nuna a sassaƙa shi launin ya leƙo. Manoman Sin kuwa, a yawancin lu'ulu'unsu na ruwan daɗi, sun daɗe da yin watsi da ƙwallo ɗungum, tsoka kaɗai suke dasawa.

Kammalawa

Duk da wannan fafutika, ɓawon kawar kogi bai bar matsayinsa ba, domin har yanzu shi manoma suka fi amincewa da shi. Abin lura a nan shi ne, sana'ar da aka ƙirƙiro don a daina wawashe kawar teku ta koma ta jingina a kan kawar kogi. In ba a sami madadin da ya cika sharuɗɗan nan ba, ko kuma aka kula da kogunan, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago.