Starobinsky da tarihin yadda sararin samaniya ya sake ɗaukar zafi

Rasuwar Alexei Starobinsky a Disambar 2023 ta tono tsohuwar muhawara a kan wanda ya fara cewa sararin samaniya ya yi kumburar farat ɗaya a farkon samuwarsa. Yawancin littattafai Alan Guth na Amurka suke ba kambun, don shi ya raɗa wa abin suna a takardarsa ta 1981. Sai dai Starobinsky, na Cibiyar Landau a Tarayyar Sobiyet, ya riga shi tun 1980, ta hanyar yi wa lissafin Einstein na ƙarfin jan abubuwa kwaskwarima. Magoya bayan Guth kan ce shi ya nuna matsalolin da kumburar ke warwarewa. Haka ne, amma tasa kumburar ba ta da birki, kuma shi da kansa ya amsa hakan, har sai da Andrei Linde ya kawo gyara a 1982. Tsarin Starobinsky kuwa yana cikin waɗanda suka fi dacewa da awon da tauraron ɗan Adam na Planck ya fitar a 2013.

Kumburar takan bar sarari wayam, cikin sanyin da hunturun Jos wasan yara ne a gabansa, duk makamashi na ɗaure a wani fili da ake kira inflaton. Da farko an zaci filin na sakinsa ne sannu a hankali. A 1990 Jennie Traschen da Robert Brandenberger suka hango wata hanya, sannan Lev Kofman da Linde da Starobinsky suka warware zaren a 1994. Filin kan yi ta kai da komo, sauran filaye su riƙa karɓar makamashi kamar yaron da ke kan lilo yana tanƙwara ƙafa daidai gaɓa, kafin ka ce kwabo ya kusa taɓa reshe. Wannan ita ce ɗumamar share fage.

Daga nan filin na iya tsinkewa ya yi gudaji-gudaji, kamar madarar da aka ɗiga wa tsami, curi-curin da ake kira osilon. Lissafin kwamfuta ya nuna suna samuwa a wasu tsare-tsare masu kama da na Starobinsky, a nasa na asali kuwa da wuya. Game da muhawarar wanda ya fara kuwa, Guth da Linde da Starobinsky sun raba lambar yabo ta Kavli a 2014.