Daga zango zuwa gidan bashi: yadda cin ranin Adar ya sauya

A ƙauyukan Bazaga, da na Malbaza da Illela, tafiya biɗa tsohuwar al'ada ce. Ana gama ɗaure damman gero, samari su kama hanya. Harajin Nasara da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, sun kora mutanen Adar da Ƙonni zuwa Sakkwato da Kano, daga baya har Kumasi da Abijan. Tafiyar wancan zamani tana da wahala, amma tana da kariya. Ɗan ci-rani yakan sauka a zango wurin mai masauki ɗan garinsu, wanda zai nema masa aikin dako ko ga-ruwa, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa in rigima ta taso. Mai masaukin da ya ci amana, labarinsa kan riga shi isa gida.

Wannan tsari ya raunana sannu a hankali. Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ta yi haka a 1983, fari kuma ya cinye dukiya a 1984. Hanya ta karkata arewa, ta Tawa da Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, inda dillali ya maye gurbin mai masauki. Wanda ba shi da kuɗin mota sai a ɗauke shi bashi, ya isa Sabha a kulle shi a gidan bashi, ana dukansa ana kiran danginsa a waya har su sayar da gona ko bisashe. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 abin ya ƙazanta, har a 2017 duniya ta ga hotunan maza ana cinikinsu a Libiya. Waɗanda Aljeriya ke korowa kuwa, ana sauke su a hamada su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka.

Yankin Adar da Ƙonni ya san bauta da sunanta. Daga nan shari'ar Hadijatou Mani ta fito, wadda aka sayar tana shekara 12, kotun CEDEAO ta ba ta gaskiya a 2008. Sai dai tun lokacin, in an ce fataucin mutane, mata da yara ake tunawa, ana mantawa da magidancin da ya yi shekara yana aiki ba biya.

Wani zai ce ai da ƙafarsa ya tafi. Ya yarda da tafiya neman aiki, bai yarda a tsare shi ba, kuma yarjejeniyar Palermo ta 2000, wadda dokar Nijar ta 2010 ta bi sawunta, ba ta ɗaukar yardar da aka samu ta yaudara ko tilas a bakin komai. Wani kuma zai ce a toshe hanyar. An gwada da dokar Nijar ta 2015 da ta hana safarar 'yan ci-rani: direbobi suka koma hanyoyin ɓoye, kuɗi ya hau, haɗari ya ƙaru, aka soke ta a 2023.

Namijin da ya dawo hannu rabbana yakan ɓoye abin da ya same shi saboda kunya, bashin kuma ya sake tura shi hanya. Hakimai da limamai da magadan gari su saurare shi, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta rubuta ƙararsa, a yi masa magani, a sasanta bashinsa, a ba shi jarin noman albasa kafin rani ya zagayo.