Littafin Umarni

Yaran da ke shigowa sana'armu yanzu suna da wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Su tambayi ChatGPT umarni, su kwafa, su liƙa a baƙin allo, su danna Enter, ba su ko duba a wace saba suke ba. Ɗan ƙanwata ya tambaye ni, "Kawu, me ya sa har yau sai ka rubuta a takarda kafin ka taɓa saba?" To ga amsarsa, da ta sauran 'yan uwansa kuma.

Na koyi aiki a hannun maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, lokacin da modem ɗin Zain da na MTN suke abin taƙama, wajen 2008. Muna yi wa makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci a Kankiya da Kusada manhajar sakamakon jarrabawa da ta rajista. Saba tana Amurka ko Ingila, mu muna nan da sabis mai zuwa ya tafi, ga janareta mai cin fetur. Wayoyin MainOne da Glo-1 na ƙarƙashin teku ba su fara aiki ba sai 2010, kuma an daɗe kafin albarkarsu ta hauro Arewa. Ka danna harafi a PuTTY, sai ka jira kafin ya bayyana.

Saboda haka Malam ya kafa doka: ba a haɗa layi sai an gama rubutu. Kowane abokin ciniki da littafinsa mai kwali, irin na rajistar makaranta. A shafin hagu umarnin da za a ba saba, ɗaya bayan ɗaya. A shafin dama, daidai kowane layi, yadda za a warware shi idan ya ɓaci. Layin da ba shi da abokin zama a dama ba a buga shi. Kuma mutum biyu ke ɗora manhaja, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bugawa yana maimaitawa. Layin farko kullum screen ne, don idan sabis ya yanke aikin ya ci gaba a can. Na biyu mysqldump. Sai rsync, wanda ke tura abin da ya canza kaɗai, kuma shi ya cece mu daga tsadar data.

Muhalli uku muke da su ko da aikin na makarantar firamare ne: na gwaji, na share fage, da na gaske. Malam ya sa alamar shiga na gaske ta zama ja. Idan ya ga ja a allonka kana hira, sai ya rufe maka kwamfuta ya ce, "Malam ƙarami, sakamakon 'ya'yan mutane ne a hannunka." Wata rana muna Kusada, ana gobe raba sakamako, sabis ya ɗauke ana tsakiyar sauya rumbun bayanai. Shugaban makarantar ya rikice. Malam ya sa littafi a jaka, muka hau babur zuwa Kankiya, ya sake haɗawa a gindin eriya, ya tarar da aikin ya kammala a cikin screen, ya ci gaba daga layin da ya tsaya. Ko gumi bai yi ba.

Kalmar sirri ba ta shiga littafi, ba ta shiga kod. Sunanta kawai ake rubutawa, ita kuwa tana wani fayil dabam a kan saba wanda mai shi kaɗai ke iya buɗewa. Da Adam Wiggins na Heroku ya fitar da Twelve-Factor App a 2011, yana cewa a raba saiti da kod a ajiye shi a muhalli, duniya ta yi ta yabo, kuma ya cancanta. Amma mu a Kankiya talauci da tsoro sun riga sun koya mana. Shi ya sa abin ke min zafi idan na ga yaro ya tura makullin AWS zuwa GitHub a fili, alhali akwai masu laluben irinsa dare da rana don su haƙi kuɗin kirifto da asusunka.

Ba na ƙin sabon zamani. Da eb create da eb setenv na Elastic Beanstalk nakan kafa muhalli kafin shayi ya huce, kuma tun da AWS ta buɗe cibiyarta a Cape Town a 2020 jinkiri ya ragu. Sai dai a 2022 mun ga iyakar dogaro da kayan aro. Heroku ta rufe tsarinta na kyauta a ƙarshen Nuwamba, bankunanmu kuma suka rage kashe dala da katin naira zuwa 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya. Manhajoji suka mutu a hannun masu su, don ba wanda ya san abin da ke cikin muhallinsu sai shafin kamfanin. Namu na Kankiya da Kusada mun kwashe su zuwa wata saba mai rahusa, muna bin sunayen saitin da ke rubuce, ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa, kuma makarantun sun raba sakamakon zangon a kan lokaci.