Ma'anonin kalmar salo a Hausa

Kalmar salo tana daga cikin kalmomin da mai sauraron labarai da Hausa yake ji kusan kullum.

Za a ji an ce rikici ya ɗauki sabon salo, ko gwamna ya sauya salon mulki, ko kuwa 'yan damfara sun ɓullo da wani salo na raba jama'a da kuɗinsu.

Tela yana amfani da ita, manomi ma haka, malamin jami'a kuma ya rubuta littafi sukutum a kanta.

Sai dai ba abu ɗaya waɗannan mutane suke nufi ba. A bakin wani yabo ce, a bakin wani kuwa zargi ce, kuma wanda bai lura da wannan bambanci ba yana iya yin godiya a inda aka yi masa habaici.

Asalin kalmar

A nahawu dai salo suna ne, kuma namiji, shi ya sa ake cewa salon wane, ko salo ne mai kyau. Jam'insa shi ne salailai, ko da yake an fi jin wannan jam'i a ajin nazarin adabi. A kasuwa salo-salo ake cewa, kamar a ce an kawo atamfa salo-salo, watau iri daban-daban.

Wasu na zaton daga kalmar Ingilishi ta style aka aro ta, saboda ma'anarsu ta zo kusa, kuma da harafi ɗaya suka fara.

To amma Bahaushe yana da hanyar da yake bi idan ya ari kalmar Ingilishi mai irin wannan farko: yakan cusa wasali a tsakanin baƙaƙen biyu, kamar yadda aka samu sito da sitiyari da sitati. Ta wannan hanya ce kalmar Ingilishin ta shigo da kanta, ta zama sitayil, wadda teloli da masu aski suke amfani da ita a yau, kafaɗa da kafaɗa da salo.

Ita kalmar Ingilishin ta samo asali ne daga Latin, inda take nufin wani tsinke mai tsini da Rumawa suke rubutu da shi a kan allon da aka shafe da kakin zuma. Daga sunan alƙalami ta koma nufin yadda mai alƙalamin yake rubutu.

Larabawa kuwa uslubi suke cewa, kalmar da malamanmu suka saba da ita. Ƙamusun Lisanul Arab na Ibn Manzur ya nuna cewa ana kiran jerin itatuwan dabino da wannan suna, haka ma miƙaƙƙiyar hanya.

Ma'anar yau da kullum

Ma'anar da ta fi yaɗuwa ita ce yadda ake aiwatar da abu, musamman idan akwai wata hanya dabam da za a iya bi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci. Ba a cewa salon fitowar rana, domin hanya ɗaya gare ta. Amma ana cewa salon tafiya da salon magana da salon ɗaurin ɗankwali, saboda a nan mutum yana da zaɓi.

Don haka ne ma malaman Alƙur'ani ba sa kiran Warshu da Hafsu salo. Ruwayoyi ne da aka karɓo, ba mai karatu ne ya zaɓi yadda za su kasance ba. Abin da ake kira salon alaramma wane shi ne muryarsa da yadda yake rera karatun.

A harkar noma, yankin Funtua da Malumfashi ya ga abin da aka kira sabon salon noma tun daga shekarar 1975, lokacin da shirin raya aikin gona na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya shiga yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara. Yankin da aka sani da auduga da dawa ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman masara a Najeriya. A yau babu manomin da zai kira zuba taki sabon salo. Noma ke nan kawai.

A wajen sutura kuma, kalmar takan haɗu da wata 'yar'uwarta, watau yayi, har wasu su ɗauka abu ɗaya ne.

Bambancin shi ne yayi yana da lokaci, yakan zo ya wuce. Doguwar rigar nan da aka laƙaba wa suna tazarce a ƙarshen mulkin Janar Sani Abacha ta yi yayi. Amma aikin aska takwas da ake yi wa babbar riga salo ne na ɗinki, wanda yake nan ko ana yayinsa ko ba a yi.

Inda take zama zargi

Bahaushe ba ya cika sakin jiki da abin da ya zo masa sabo, kuma hakan ya fito fili a karin maganar nan da ke cewa sabon salo, kiran salla da usur.

Wanda aka yi wa wannan karin magana ba yabonsa aka yi ba. Ana nufin ya kawo abin da bai dace da wurin ba.

Daga nan kalmar ta ƙara gangarawa ta koma nufin dabara ko yaudara. Idan mai bin bashi ya ce wa wanda yake bi, "Malam, kada ka kawo mini wani salo," yana nufin kada ya kawo masa hanya-hanya. Idan aka ce kukan da wane yake yi salo ne, to an ce ba na gaskiya ba ne.

Akwai kuma wani amfani da ba kasafai ake koyar da shi a makaranta ba, alhali kuwa ya cika gidaje da littattafan hikaya na zamani. Uwa za ta ce wa ɗanta da ke shirin fita da tsakar dare: "Kai, dawo ka zauna, salon ka jawo mana magana."

A nan kalmar ta bar aikinta na suna, ta koma mahaɗi mai gargaɗi game da mummunan abin da zai biyo baya. Mai fassarar da ya ɗauke ta da ma'anar sitayil a wannan jimla ya ɓata aikinsa.

Salo a wurin manazarta

Manazarta adabin Hausa sun ɗauki wannan kalma ta kowa da kowa suka mai da ita keɓaɓɓiyar kalmar ilimi.

A wurinsu kowane rubutu ko waƙa yana da jigo, watau saƙon da ake son isarwa, sannan yana da salo, watau hanyar da aka bi aka isar da shi. Malamai irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi rubuce-rubuce a kan haka, yayin da Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya fitar da littafinsa Salo Asirin Waƙa a shekarar 2001.

A ƙarƙashin salo ne ɗalibi yake haɗuwa da kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da dabbantarwa da kambamawa, da zaɓen kalmomi da amfani da karin harshe. Akan kuma yi maganar miƙaƙƙen salo da raggon salo da salo mai armashi.

Misalin da ya fi saurin fahimtar da ɗalibi shi ne Alhaji Abubakar Imam. Da yawa daga cikin labaran Magana Jari Ce, wanda aka buga a ƙarshen shekarun 1930, daga littattafan Larabawa da na Indiyawa da na Turawa ya ɗebo su. Amma mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta a cikinsu, domin sunaye da raha da karin magana da yadda fadawa suke magana a gaban sarki duk na ƙasar Hausa ne. Labarin na aro ne, salon kuwa nasa.

Salon Shata

A waƙar baka kuwa, da wuya a yi maganar salo ba a ambaci garin Musawa na jihar Katsina ba, domin a can aka haifi Alhaji Mamman Shata, a shekarar 1923 kamar yadda akasarin marubuta tarihinsa suka nuna.

Don a gane abin da ake nufi da salon Shata, sai an dubi yadda makaɗan fada suke waƙa.

Makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso suke kiɗa, kuma suna da ubangida a fada. Waƙarsu shiryayya ce: jagora ya ɗauko ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, wani lokaci har su yi ƙari, abin da ba ya yiwuwa sai an zauna an tsara waƙar an haddace ta.

Shata da kalangu ya yi tashe, kiɗan da aka fi sani da mahauta da 'yan mata a dandali. 'Yan amshinsa gindin waƙa kawai suke maimaitawa, sau da yawa gajeren layi ɗaya, duk sauran nauyin yana wuyansa. Wannan ya ba shi damar ƙirƙirar waƙa nan take, ya ga abu a wurin biki ya saka shi a ciki, ya kuma rera waƙa ɗaya sau biyu ba tare da ɗiyanta sun zo daidai ba.

Bai kuma ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da 'yan siyasa, ya yi wa noma, ya kuma yi zambo mai zafi ga waɗanda suka saɓa da shi. Hausarsa a miƙe take, babu kalmomi masu tsauri irin na makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara, shi ya sa Bahaushen Kumasi da na Maraɗi suke fahimtarsa ba tare da wahala ba.

Abin lura a nan shi ne, kalmar salo ta bi Shata da fuskokinta biyu. A gidan da ya tashi ba a gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, don haka a idon masu ganin roƙo sana'ar gado ce, abin da ya ɗauko sabon salo ne irin na karin maganar nan.

Amma a shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba mawaƙin digirin girmamawa. Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka yi masa sutura a Daura. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Masu kwaikwayonsa suna da yawa, kuma sukan samu kalangun da amshin daidai. Abin da yake gagararsu shi ne saurin ƙirƙirar da kuma sanin inda za a tsaya a bar kiɗa ya yi magana.

A bakin 'yan jarida

Mu 'yan jarida muna daga cikin waɗanda suka fi wahalar da wannan kalma.

Dalili kuwa shi ne tana da sauƙin kamawa. Mai fassara da ke gaggawar kai labari yakan tarar da kalmomin Ingilishi huɗu ko biyar masu nufin dabara ko tsari ko hanya ko yayi ko fasali, sai ya zuba su duka a cikin salo. Hausa tana da kalma ga kowanne, amma sai a bar su a kwance.

Illar hakan ta fi bayyana a labaran tsaro, waɗanda mutanen kudancin Katsina suka fi kowa sanin ɗacinsu.

Lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, daidai ne a ce sun ɗauko sabon salo, domin ko da yake an ga irin haka a Chibok a 2014, yankin arewa maso yamma bai taɓa ganin satar ɗalibai mai yawan haka ba.

Sai dai bayan an sake yin haka a Kagara da Jangebe a watan Fabrairun 2021, abin ya tashi daga sabo. Duk da haka jimlar ba ta bar bakinmu ba: a tare hanya a ce sabon salo, a sa wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya girbe gonarsa a ce sabon salo.

Manomin Faskari ko Musawa da ya shekara yana fama da abu, idan ya ji rediyo ta kira shi sabo, abin da zai fahimta shi ne masu ba da labarin yanzu suka ji. Kalmar kuma takan sassauta abin, ta mai da shi kamar wata gwaninta, a inda ya kamata a ce fashi ko garkuwa da mutane ko kisa.