Ƙawancen Jam'iyyu da Ƙuri'ar Musulmi a Kano, 1950 zuwa 2023

1.0 Gabatarwa

Masu sharhi kan siyasar Nijeriya sukan ambaci "ƙuri'ar Musulmin Arewa" tamkar wani kaya ne ƙulli guda da za a iya ɗauka a miƙa wa jam'iyya. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan ra'ayi da tarihin Kano, inda mafi yawan masu zaɓe Musulmi ne, ta hanyar duba yadda suka karɓi ƙawancen da jam'iyyunsu suka riƙa ƙullawa suna warwarewa.

2.0 Zamanin NEPU da NPC

An kafa NEPU, jam'iyyar neman sawaba, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, domin ƙwato wa talakawa haƙƙinsu daga hannun En'e. Babbar abokiyar hamayyarta, NPC, ita ce ke da goyon bayan sarakuna. Shugabannin ɓangarorin biyu duk Musulmi ne, kuma kowane ɓangare da addini yake kafa hujja. A 1954 NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe, sai magoya bayan NPC suka sami abin suka: ga masu haɗa kai da mutanen Kudu waɗanda ba Musulmi ba. Malam Aminu Kano da jama'arsa kuwa suka riƙa mayar da martani da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo game da adalci da hani ga zalunci.

Zaɓen tarayya na 1959 ya nuna iyakar wannan suka. NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 312, adadin da bai ishe ta kafa gwamnati ita kaɗai ba. Don haka ta haɗa gwiwa da NCNC ɗin da take aibata NEPU a kanta. Ta haka NEPU ta wayi gari ƙawarta tana mulki tare da abokiyar gabarta a Legas, alhali a gida 'ya'yanta suna ci gaba da shan ɗauri a kotunan alƙalai.

Kafin zaɓen 1964 an sake lale. NPC ta kafa NNA tare da NNDP ta Akintola, mutumin da ziyararsa ta haddasa tarzomar Kano a watan Mayu 1953. NEPU kuma ta shiga UPGA tare da NCNC da AG da UMBC. Cikin wannan gungu har da jam'iyyar KPP, wadda ta taso daga fushin da aka yi kan murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963. Wato ɓacin rai na gida ya kai masoya sarki inuwa ɗaya da masu adawa da mulkin sarakuna.

3.0 Santsi da Taɓo

A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, wanda shi ne na farko a matakin tarayya da matan Arewa suka jefa ƙuri'a, uku daga cikin 'yan takara biyar Musulmin Arewa ne: Shehu Shagari na NPN, Waziri Ibrahim na GNPP, da Aminu Kano na PRP. Sakkwato ta bi NPN, Borno ta bi GNPP, Kano ta bi PRP.

Batun ƙawance ne ya tsaga PRP. Gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, sun riƙa halartar taro da gwamnonin UPN da GNPP ba da yardar uwar jam'iyya ba, har aka kore su a 1980. A nan Hausa ta sami kalmomin siyasa biyu da ya kamata masu nazarin harshe su lura da su. Waɗanda suka bi gwamnonin aka kira su 'yan santsi, waɗanda suka zauna tare da Malam kuwa 'yan taɓo. Santsi yana kwashe ƙafa, taɓo yana riƙe ta. Ma'aunin da ke cikin kalmomin biyu shi ne biyayya ga jagora, kuma babu wadda ta taɓo addini a cikinsu. Rimi ya koma NPP a 1983, shekarar da Malam ya rasu, ya kuma sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP.

4.0 Daga 1993 zuwa 2023

Ranar 12 ga Yuni 1993, Mashood Abiola na SDP, Bayerabe Musulmi, ya kayar da Bashir Tofa na NRC a Jihar Kano, mahaifar Tofa, saboda magada siyasar PRP suna cikin SDP. A 2013 ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, wadda ta ba Muhammadu Buhari ƙuri'a kusan miliyan 1.9 a Kano a 2015. A 2023 APC ta tsayar da Musulmi biyu, Bola Tinubu da Kashim Shettima, amma Kano ta ba Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ƙuri'a 997,279, Tinubu kuwa 517,341.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa addini ya daɗe yana ba 'yan siyasar Kano kalmomin yabo da na zambo, kuma yana da tasiri a zukatan masu zaɓe. Sai dai a duk lokacin da aka sauya ƙawance, abin da ya fi rinjayar ƙuri'a shi ne jagoran da jama'a suka amince wa da kuma koken da ke damunsu a gida. Jam'iyyar da ta lissafa Musulmin Kano a matsayin ƙulli guda, sau da yawa lissafin dokin rano take yi.