Nasara a Motsa Jiki da Rage Ƙiba: Ma'aunan da Suka Dace da Mazaunin Sakkwato

Da sanyin asuba ake ganin masu sassarfa a kewayen filin wasa na Giginya da gefen manyan titunan birnin Sakkwato, wasu ɗalibai, wasu ma'aikata, wasu kuma dattawan da likita ya umarta su riƙa tattaki. Akasarinsu da abu ɗaya suke auna ƙoƙarinsu, wato lambar da sikeli ya nuna. Idan ta sauka an yi nasara, idan ta tsaya sai gwiwa ta yi sanyi, a daina fita. Ilimin likitanci na yau bai ɗauki nauyin jiki kaɗai a matsayin ma'aunin lafiya ba. Yana haɗa shi da awon ƙugu, da hawan jini, da sukarin jini, da ƙarfin jiki, da kuma ɗorewar abin da aka samu.

Birni ɗaya, matsaloli biyu

Maganar rage ƙiba a Sakkwato tana da nauyin da ba ta da shi a Landan ko Dubai. A rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022, Jihar Sakkwato ce kan gaba, da kusan kashi 91 cikin 100 na al'ummarta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. A birnin ne kuma asibitin cutar noma yake tun 1999, cutar da ke cin naman fuskar yara, wadda ke bin sawun yunwa da fatara.

A irin wannan muhalli, ba abin mamaki ba ne a ɗauki ƙiba alamar hutu da wadata, a ɗauki rama alamar ciwo ko wahala. Magidancin da ya ajiye tumbi ana cewa ya samu, amaryar da ta yi ƙiba ana yaba wa mijinta. Amma hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki suna nan a unguwannin da tamowa take, wani lokaci ma a gida ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran wannan yanayi nauyi biyu na rashin ingantaccen abinci. Alƙalumanta sun nuna cewa a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma adadin manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990.

Saboda haka ba kowace rama ce nasara ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Wanda ya rame don abinci ya gagare shi yana asarar tsoka da ƙarfi, kuma wannan matsala ce ta lafiya da ta tattalin arziki. Haka nan ramar da ta zo ba tare da niyya ba, musamman idan tana tare da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari mai daɗewa, ko zufar dare, dalili ce ta zuwa asibiti, domin tana iya zama alamar ciwon sukari ko tarin fuka.

Ma'aunin BMI da iyakarsa

Ma'aunin da aka fi sani shi ne BMI. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, sannan a sake raba amsar da tsawon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi ga manya kamar haka: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya zarce. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce mai yawa. Mutum mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90 yana da BMI 31.1.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro lissafin a shekarun 1830 domin nazarin jama'a a dunƙule, daga awon Turawa. Ancel Keys, masani ɗan Amurka, shi ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi a 1972. Lissafin ba ya bambanta tsoka da kitse, ba ya kuma nuna inda kitsen ya taru. Ɗan kokawa ko ɗan dako a babbar kasuwar Sakkwato zai iya faɗawa rukunin masu nauyi alhali tsoka ce ta cika jikinsa, yayin da siririn ma'aikacin ofis mai ɗan tumbi zai fito daidai alhali yana cikin haɗari.

Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince a Yunin 2023 cewa bai kamata a dogara da BMI shi kaɗai ba. A Janairun 2025 kuma wani kwamitin masana na mujallar The Lancet ya ba da shawarar a haɗa shi da awon ƙugu, a kuma duba ko kitsen ya fara taɓa aikin gaɓoɓin jiki kafin a kira shi cuta.

Awon ƙugu

Kitsen da ke taruwa cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ya fi alaƙa da ciwon sukari da ciwon zuciya. Tef ɗin tela ya isa a auna shi. Ana zagaya tef ɗin a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an fitar da numfashi, ba tare da tsuke ciki ba.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗari yana ƙaruwa idan awon ya wuce santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, yana kuma tsananta idan ya wuce 102 ga namiji ko 88 ga mace. Akwai ƙa'ida mafi sauƙi wadda hukumar tsara jagororin lafiya ta Birtaniya, NICE, ta ɗauka a 2022: kada awon ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170 zai so ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Mai motsa jiki yakan ga ƙugu ya ragu, wando ya yi sako-sako, alhali sikeli bai motsa sosai ba, domin tsoka tana ƙaruwa yayin da kitse ke raguwa. Wannan ci gaba ne, ko da lambar ba ta nuna ba.

Kilo nawa ya isa a kira shi nasara

Mutumin can mai kilo 90 yana buƙatar zubar da kilo 18 kafin BMI ɗinsa ya dawo 24.9. Mutane ƙalilan ne ke iya yin haka su kuma riƙe shi, wanda kuwa ya sa wannan ne kaɗai burinsa yakan karaya tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Wani babban bincike na rigakafin ciwon sukari da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, ya bi mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da cutar. Rukunin da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako ya samu raguwar kamuwa da kashi 58 cikin 100. Rukunin da aka ba maganin metformin ya samu kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba. Zai sauka zuwa kusan kilo 84, BMI ɗinsa ya zama 29, har yanzu a rukunin masu nauyi, amma haɗarin da ke kansa ya ragu ƙwarai.

Saurin da likitoci ke ɗauka mara haɗari shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Abin da ya zube da gaggawa fiye da haka yawanci ruwa ne da tsoka. Jiki kuma yana kare nauyinsa: idan aka rame yunwa tana ƙaruwa, ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana raguwa. Shi ya sa tsayawar sikeli bayan 'yan watanni abu ne da aka saba gani, kuma riƙe kilo 5 da aka zubar har shekara ya fi zubar da 12 a dawo da su bayan Sallah.

Motsa jiki a garin zafi

Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya buƙaci manya su yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2 ko fiye. Matsakaici shi ne wanda mutum zai iya magana a cikinsa amma ba zai iya rera waƙa ba. Tafiya da sauri ta minti 30 sau 5 a mako ta cika mafi ƙarancin adadin. Noma, daka, jan ruwa, tuƙa keke da ƙwallon yamma duk suna cikin lissafi.

Taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Nazarin da aka wallafa a 2022 ya nuna amfanin yana ƙaruwa har zuwa taku 6,000 zuwa 8,000 ga 'yan shekara 60 zuwa sama, da 8,000 zuwa 10,000 ga waɗanda ba su kai ba. Mai yin 3,000 da ya koma 6,000, ta hanyar barin kabu-kabu a gajerun tafiye-tafiye, ya ci riba babba.

A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba ko bayan faɗuwar rana. Nauyin da ya ragu bayan gudu cikin rana ruwa ne, zai dawo da zarar an sha, kuma sa rigar leda don a ƙara zufa yana jefa ƙoda da zuciya cikin haɗari. Jiri, ciwon kai, ruɗewa ko fitsari mai duhu alamu ne na a tsaya. A hunturu ƙura ce matsalar masu asma. A watan azumi atisaye mai nauyi ya fi dacewa bayan buɗa-baki, kuma mai ciwon sukari ko hawan jini yana buƙatar shawarar likita kafin ya sauya tsarinsa.

Abinci da gajerun hanyoyi

Gero, dawa, wake, zogale, rama da nono ba su ne matsala ba. Inda gizo ke saƙa shi ne yawan tuwo ko shinkafa a kwano, da man da ake zubawa, da sukarin da ake ƙara wa fura, kunu da shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babba. Kwalbar lemo mai santilita 50 ita kaɗai takan kai wannan adadi. Gishiri kuwa ƙasa da giram 5 ake so a yini, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Kasuwar magunguna tana cin riba ta ɓangarorin biyu. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake sha don a yi ƙiba, sukan ƙunshi dexamethasone, maganin da daɗewa a kansa ke kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Dainawa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha ma haɗari ne, sai da kulawar likita. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a TikTok da Instagram kuwa yawanci gudawa ko fitsari yake sawa, kitsen yana nan.

Allurar semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021, ta rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi cikin mako 68 a gwajin da aka yi. Waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta a kasuwannin duniya.

Inda hukuma ta shigo

Niyyar mutum tana aiki ne cikin iyakar abin da garinsa ya tanadar masa. Titi mara gefen masu tafiya da fitila, unguwa mara fili, da rashin wurin da mata za su motsa jiki cikin sutura da aminci duk suna rage yawan masu iya cika minti 150. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, wato naira 5 kan kwalbar santilita 50, adadin da hauhawar farashi ta riga ta cinye. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. Ko cibiyar lafiyar unguwa tana da na'urar awon jini da ta sukari mai aiki, ko sai an tafi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tambaya ce da mai zaɓe ke da haƙƙin yi wa kansila da ɗan majalisa.

Alamomin da za a riƙa dubawa

Ga babban mutum da ba shi da juna biyu ko wata cuta ta musamman, ana iya cewa tsari yana tafiya daidai idan awon ƙugu yana sauka zuwa ƙasa da rabin tsawo. Hawan jini yana ƙasa da 140 bisa 90. Sukarin jini kafin karin kumallo bai kai miligiram 126 ba, ya fi kyau ma ya tsaya ƙasa da 100. Ana cika minti 150 a yawancin makonni. Ana hawa bene ko tafiya masallaci ba tare da haki ba. Kuma an rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, ga wanda yake da buƙata, aka riƙe shi shekara guda. Ga wanda BMI ɗinsa ke ƙasa da 18.5, nasara ita ce ƙarin nauyi ta hanyar abinci. Awon ƙugu sau ɗaya a wata da hawa sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta a littafi da kwanan wata, sun wadatar wajen gane inda aka dosa.