Daga Mallaka Zuwa Haya: Tarihin Fina-finai a Laburaren Jami'o'i

1.0 Gabatarwa

Aikin laburare a kowace jami'a bai wuce abubuwa uku ba, wato sayen kayan nazari, da adana su, da ba da aronsu ga mai bukata. Dukkan ukun sun dogara ne a kan kasancewar laburare shi ne mai kwafin da ke kan kantarsa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda wannan mallaka ta kuɓuce wa laburaren jami'o'i a fannin fina-finai, tun daga zamanin majigi zuwa na kallon fim kai tsaye ta intanet. An fi mayar da hankali ga Amurka, domin a can ne aka yi manyan shari'o'in da suka shafi al'amarin, sannan a waiwayo Nijeriya daga ƙarshe.

2.0 Tushen 'Yancin Ba da Aro

Dokar haƙƙin mallaka ta farko irin ta zamani ita ce wadda aka kafa a Ingila a shekarar 1710, zamanin Sarauniya Anne. Ta ba marubuci kariyar shekara 14 a kan sabon littafinsa, amma kuma ta wajabta a miƙa kwafi tara ga wasu manyan laburare, ciki har da na jami'o'in Oxford da Cambridge. Ke nan tun daga tushe dokar ta haɗa amfanin mai fasaha da na mai neman ilimi.

A Amurka kuwa, Kotun Ƙoli ce ta daddale matsayin mai saye a 1908. Kamfanin ɗab'i na Bobbs-Merrill ya buga gargaɗi a cikin wani littafinsa cewa kada a sayar da shi ƙasa da dala ɗaya, sai kantin Macy's ya riƙa sayar da shi a kan santi 89. Kotu ta yanke hukuncin cewa da zarar mai haƙƙi ya sayar da kwafi, ikonsa a kan wannan kwafin ya ƙare. Wannan ƙa'ida ta "sayarwar farko" ta shiga dokar 1909, daga baya ta zama sashe na 109 na dokar 1976. Sashe na 110 kuma ya yarda malami ya nuna wa ɗalibansa fim a cikin aji, muddin an sami kwafin ta hanyar halal.

3.0 Zamanin Majigi da Kaset

Kamfanin Kodak ya fito da fim mai faɗin milimita 16 a 1923, kuma shi ne majigin makarantu ya dogara a kai shekaru da dama. Tsadarsa ta sa jami'o'i ƙalilan ne suka tara shi da yawa, saura sai haya. Zuwan kaset ɗin bidiyo, wato Betamax a 1975 da VHS a 1976, shi ya sauya lamarin. Kamfanonin fim na Universal da Disney sun kai Sony ƙara, amma a 1984 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce naɗar shirin talabijin a gida don kallo daga baya bai saɓa wa doka ba. Kaset ya yi araha, laburare suka cika kantoci da shi, suna ba da aro kamar yadda suke yi da littafi.

Faifan DVD, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1997, ya zo da makulli na hana kwafa, kuma dokar 1998 ta haramta karya wannan makulli ko da don koyarwa ne. Sai a 2006 aka yi wa malaman nazarin fim rangwame su riƙa gutsuro sassa don aji. Duk da haka, faifan da laburare ya saya nasa ne har ya lalace.

4.0 Zamanin Intanet

Da karatu daga nesa ya yaɗu, majalisar Amurka ta kafa dokar TEACH a 2002, wadda ta yarda a watsa wa ɗalibai taƙaitaccen sashe na fim ta intanet, ban da fim ɗin sukutum. Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ta gwada iyakar wannan hurumi, inda ta ɗora faifan da ta saya na wasannin Shakespeare, waɗanda BBC ta shirya, a kan na'urarta don ɗalibai su kalla daga ɗakunansu. An kai ta ƙara a 2010, kotu ta kori ƙarar a 2011 da kuma 2012, amma galibi bisa dalilan hurumin shari'a, don haka ainihin tambayar ba ta sami gamsasshiyar amsa ba. A shari'ar ReDigi kuma, a 2013 da 2018, kotuna sun ce ƙa'idar sayarwar farko ba ta kare mai sake sayar da waƙa ta intanet ba, domin tura ta yana haifar da sabon kwafi ne.

Wannan giɓi ne kamfanoni irin su Kanopy, wanda aka kafa a Ostireliya a 2008, suka cike. Tsarin da ya yi suna da shi a jami'o'i shi ne, idan aka kalli fim sau huɗu, laburare zai biya lasisin shekara guda, kimanin dala 150 a wancan lokaci. Shekara na cika, fim ya ɓace sai an sake biya. Ma'aikacin laburare ba shi da hanyar sanin yawan kuɗin da zai kashe, har ta kai manyan laburaren jama'a uku na birnin New York suka janye daga Kanopy a 2019 saboda tsada. Netflix kuwa yarjejeniyarsa ta kallon mutum da iyalinsa ce, ba ya sayar wa laburare lasisi, kuma yawancin fina-finansa ba su da faifai a kasuwa. Annobar korona ta 2020, da ta rufe azuzuwa, ta nuna a fili cewa zanen aro ba ya rufe katara.

5.0 Darasi ga Nijeriya

Babban abin tsoro a nan shi ne adanawa, domin lasisi yana ba da damar kallo ne kawai, ba ya barin kwafi a hannun kowa. Rahoton Laburaren Majalisar Amurka na 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan ƙasar marasa magana sun salwanta. Mu ma nan gida mun ga irin wannan. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ya tsira ne saboda akwai kwafi a ajiye. Fina-finan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990, sun fito a kaset da faifai waɗanda za a iya saye. Da yawa daga masu dogon zango na yanzu kuwa a YouTube suke fitowa, inda mai tasha zai iya goge su a dare ɗaya.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta taso daga dokar Ingila ta 1911, zuwa dokokin soja na 1970 da 1988, sannan ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba laburare damar yin kwafi don adanawa, ta kuma soke duk wani sharaɗin yarjejeniya da ke neman hana abin da dokar ta halatta.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa 'yancin da laburare ya samu a 1908 ya rataya ne a kan kwafin da hannu ke iya taɓawa, kuma ya raunana tun da fim ya koma intanet. Dokar 2022 ta ba jami'o'in Nijeriya hurumin da takwarorinsu na Amurka ba su da shi. Abin da ya rage shi ne sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da laburarensu, su tattara kaset da faifan da suka saura, su kuma ƙulla yarjejeniya da masu shirya fim don a riƙa ajiye kwafi na dindindin, tun masu haƙƙin suna raye kuma ana iya samunsu.